Asuba a Khartoum, Azahar a Kano

A gidanmu na Ƙofar Kuyambana, in aka ce Gabas ba alƙibla kaɗai ake nufi ba. Gabas wuri ne da ya tafi da mutum biyu daga zuri'armu, mahaifin kakata da ƙanenta. Kakar nan tawa, mahaifiyar babana, ita ta raine ni tun daga yaye. Iya muke ce mata, ita kuwa Maigida take ce mini, irin wasan nan na kaka da jika. Har na yi aure na haihu ba ta daina ba.

Ba ta cika ba da labarin tafiyar ba, amma in ta fara ba ta son a katse ta. Mahaifinsu maɗinkin manyan riguna ne, mai aikin hannu. Bayan rasuwar mahaifiyarsu ya ɗaura niyyar zuwa Makka ta ƙasa, yadda mutanen zamanin suke yi: a yi ta tafiya, in guzuri ya ƙare a zauna a yi sana'a, in an samu a sake tashi. Iya a lokacin tana ɗakin mijinta da cikin fari. Ƙanen nata, wanda ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, bai daɗe da shiga makarantar allo ba. Auta take ce masa. Ta roƙi a bar mata shi, mahaifin ya ce namiji ne, gara ya ga duniya, kuma ai ba daɗewa za su yi ba, in an yi 'yan damina sun dawo.

Mijinta ya bar ta ta raka su har bakin ƙofar gari. Ta ce an ɗora yaron a kan jaki tsakanin kaya, ƙafafunsa ba su ko kai cikin jakin ba. Ta ƙulle masa alkaki a bakin zane ta ba shi. Shi murna ma yake yi, yana ta nuna wa sauran yara cewa shi a kan jaki za shi. Ita ce ta yi kukan.

Daga nan sai labari jefi-jefi a bakin matafiya. An gan su a Barno. An gan su a ƙasar Cadi. Sai aka yi shiru mai tsawo. Babana ya riga ya fara tasawa lokacin da wani malami da ya dawo ta ƙasa ya tsaya a zaurenmu ya ce tsohon ya rasu a Sudan, bai kai ga ƙetare teku ba, yaron kuma yana hannun Hausawan can, yana koyon ɗinki. Aka yi zaman makoki na mutumin da ya daɗe a ƙasa.

Ni na taso na tarar da maganar Auta kamar ta wani yaro ƙarami da aka aika bai dawo ba. In Iya ta yi fate mai daɗi sai ta ce, "Auta yana son fate." Wata rana ina sakandare, wani alhaji na unguwarmu ya dawo daga Makka da kaset. Ya ce wani mutum mai farin rawani ya bi masaukin alhazai yana tambayar Zazzagawa, har ya faɗo kansa, ya ba shi kaset ɗin ya kawo gidanmu. Aka aro rediyo mai kaset aka kunna a tsakar gida. Muryar Auta ta fito, ta dattijo, tana gaishe da mutane ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu sun rasu. Iya ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba, sannan ta ce, "Wannan ai muryar Baba ce." Ta sa aka sake kunnawa.

In wani ya yi suɓul da baka ya ce mutumin nan ya kyauta kuwa, ko sau ɗaya bai leƙo gida ba, Iya ce take tare masa. "Kun san Gabas? Nisa ne. Shekara nawa suka yi kafin su kai? Mai iyali ba ya ɗaukar wannan hanya." Ba wai ba ta san jirgin sama ba. Tana ganin alhazai suna tafiya suna dawowa. Amma a wurinta jirgi na aikin hajji ne, Jidda ya sani. Inda Auta yake kuwa wani lungun duniya ne da sai an hau manyan motoci, an ƙetare rairayi, an kwana a hanya har an gaji da ƙirga. Ba wanda ya taɓa zama ya gyara mata wannan zato, ni ma ban taɓa ganin dalilin yin haka ba.

Ina koyarwa a wata sakandare a bayan gari, na yi aure har da 'ya'ya biyu, sai ga wani ɗan kasuwa daga Kano, mai kawo turare da lafaya daga Sudan. Ya yi sallama a zaure ya ce an aiko shi. Dattijon nan, Auta, zai zo ganin gida, ranar kaza jirginsa zai sauka a Kano. Babana a lokacin ƙafa ta matsa masa, ni kuma ina da wata tsohuwar mota, don haka ɗauko baƙo ya faɗo kaina.

Da aka gaya wa Iya, ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga ba da umarni. A share ɗakin da ke kusa da zaure, a yi masa sabon daɓe, a shafa farar ƙasa. A surfa masara a ɓarza tsaki. A nemo yakuwa da rama ɗanya. Kullum bayan salla sai in ji tana addu'a Allah ya tsare matafiyi a hanya, ya kare shi daga ƙishirwa da 'yan fashi. A zatonta tun ranar da saƙo ya iso ya riga ya baro gida, jirgin kuwa a ƙarshen tafiyar zai hau shi.

A filin jirgi na tsaya cikin masu tarye ina tunanin yadda zan gane mutumin da ban taɓa gani ba. Ashe ba abin damuwa ba ne. Fasinjoji suka fara fitowa, mata cikin lafaya, maza cikin fararen jallabiyoyi. Sai ga wani dogon tsoho da rawani kamar an naɗa masa buhun auduga, yana tafe yana ɗan karkata kafaɗar hagu. Haka Iya take tafiya. Da ya matso na ga goshin, na ga wushiryar. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Kai ɗan wane ne?"

Na ce, "Jikan yayarka ne."

Ya ajiye jakarsa ya kama kafaɗuna biyu, ya daɗe yana kallona. "Tana nan? Tana gani? Tana tafiya da ƙafarta?"

Na ce tana nan, har faɗa tana yi. Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa.

Hausarsa ta ba ni mamaki. Tsohuwar Hausa ce irin ta kakanninmu, da wasu kalmomi da rabona da jin su tun ina yaro, amma tana tafe tana tuntuɓe da Larabci. Muka yi azahar a masallacin da ke wajen filin jirgin muka kama hanya. Kafin mu kai Kwanar Ɗangora taya ta yi faci, muka zauna a gindin bishiya mai faci yana aikinsa, dattijo yana shan rake yana cewa raken can bai kai wannan zaƙi ba. Ya duba agogonsa, wanda yake gaba da nawa don bai juya shi ba, ya ce, "Jikana, daga Kano zuwa Zariya na nema ya fi daga Khartoum zuwa Kano." Muka yi dariya. Ban san maganar za ta zama abin da ta zama ba.

Da muka iso ya ce in bi da shi ta Ƙofar Kuyambana, kuma in tsaya kafin mu shiga. Ya sauka ya tsaya yana duban ganuwa, inda ruwan shekaru ya zaizaye ta har awaki suna hawa. Ya ce, "Da can in ka ɗaga kai hularka faɗuwa take yi." Ya ƙi komawa mota. Ya shiga gari da ƙafa, ni ina biye da shi a hankali, yara sun yi mana ayari. Sau biyu ya ɓata a lungu, ya ƙi tambaya. A karo na uku ya ga rimin da ke bayan gidanmu, ya miƙe kai tsaye zuwa zaure.

Iya tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta sa zanen da ba ta sawa sai da Salla. Gidan ya cika da mata. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya durƙusa a gabanta.

"Yaya."

Ta dube shi daga rawani har ƙasa. Ta ɗaga hannu ta taɓa gemunsa. "Auta, har ka yi furfura?"

Sai kuka ya ɓarke a gidan, wanda ya san dalili da wanda bai sani ba. Su biyun kuwa suka kama gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ina wahalar hanya, suna maimaitawa kamar ba su san yadda za su fita daga cikinta ba.

Bayan la'asar aka kawo fate. Ya ci har ya yi gumi, ya ce a ƙara. Iya tana yi masa fifita da mafici tana kallon bakinsa. Mutane suka ragu, ya rage daga mu sai mu. A nan ne ta tambaye shi.

"To, kwana nawa ka yi a hanya? Na ga ba ka rame ba."

Ya ce, "Kwana kuma, Yaya? Ai yau na taso. A gidana na yi sallar asuba, na yi azahar a Kano da jikanki."

Ta tsayar da maficin. "Yau ɗin nan?"

"Yau ɗin nan."

Ta juyo gare ni. "Maigida, wasa yake yi mini?"

Na ce gaskiya ne, Iya. Tsakanin Khartoum da Kano a jirgi bai wuce daga hantsi zuwa azahar ba.

"Jirgin alhazai?"

Na ce a'a, jirgi ne na kowa, yana zuwa duk mako.

"Tun yaushe?"

Na dubi dattijon, shi kuma ya dubi kwanon da ke gabansa. Na ce an daɗe, tun kafin a haife ni ma ina jin ana yi.

Iya ta ajiye maficin a kan tabarma. Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki ta saki asabari. Ba ta sake fitowa ba a ranar.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa gidan nauyi. Abinci bai fasa zuwa ɗakin baƙo ba, kuma da hannunta take zuba shi, ta zaɓa masa tsoka, ta sa a kai masa ruwan wanka mai ɗumi. Amma in ya shigo gaisuwar safe sai ta amsa daga bayan asabari, "Lafiya lau," shi ke nan. Babana ya je ya ba ta haƙuri, ta ce masa ya fita mata daga ɗaki, ba da shi take ba. Ni da na shiga da wasan da muka saba, na ce amarya ta yi fushi da maigida ne, ba ta ko murmusa ba. Ta ce, "Shekara da shekaru ina kare shi a bakin mutane. Ina cewa nisa ne. Ashe wanda ya tafi Kano sayen zare ya fi shi wahala."

Don in rage masa zaman shiru, na riƙa fita da shi bayan na taso daga makaranta. Muka je kasuwar birni, ya nemi rumfar mahaifinsa, ya tarar ana sayar da robobi a wurin. Muka je inda marina take a da, ramukan sun cike da ƙasa. Ya nemi wani kududdufi da yake cewa a nan ya koyi iyo, muka tarar da gidaje a kai. Bai yi ƙorafi ba. Sai ya tsaya ya nuna da sanda ya ce nan kaza yake, nan kaza yake, kamar mai karanta rubutun da ni ba na gani.

Wata yamma muna zaune a kan ganuwa muna hangen dutsen Kufena, na yi ƙarfin hali na tambaye shi me ya hana shi zuwa.

Ya ce da farko babu hali. Maraya ne a hannun mutane, yana tsinkar auduga da rana yana koyon allura da yamma. Da ya samu shago a Umdurman sai aure, sai 'ya'ya. Sannan ga maganar takarda, can suna ce masa baƙo, ofishin ƙasarmu kuma suna tambayarsa shaidar da ba shi da ita. Wannan ta ci shekaru. "Amma kada in yi maka ƙarya," in ji shi, "duk wannan ya wuce tun tuni. Masu kawo mini ɗinki suna hawa jirgin nan kamar motar kasuwa. Wani zai ce in gama masa riga kafin Talata, za shi Kano. In gama, in ninke, in ba shi. Rigata ta zo ƙasar nan ta fi a ƙirga." Ya ce abin da ya riƙe shi tsoro ne. "Mun tafi mu biyu, in dawo ni kaɗai, in ce mata me?" Kuma kowace shekara da ta wuce sai kunyar ta ƙaru. Ya riƙa cewa baɗi. Sai da matarsa ta rasu, ya ga yadda ƙasa take rufe mutum da maganarsa a baki, sannan ya je ya yanki tikiti bai yi shawara da kowa ba.

Na ce, "Kaka, wannan ai ita ya kamata ka gaya wa."

Ya ce, "Ba ta ba ni fuska ba."

Na ce asabari ba ya tare magana.

Ranar Asabar da hantsi, ina gida, na ga ya shigo da buzunsa da wata rigar babana da wuyanta ya tsage. Ya shimfiɗa buzun a ƙofar ɗakin Iya, ya zauna, ya zura zare a allura ba tare da tabarau ba, ya fara ɗinki. Matan gida suka ja da baya suka yi kamar suna aiki. Bai ba da haƙuri ba, bai kawo uzuri ba. Sai kawai ya fara ba da labarin mahaifinsu, daga ranar da suka fita ƙofar gari.

Ya faɗi yadda jakin ya mutu kafin su kai Barno, tsohon ya riƙa ɗaukarsa a wuya. Ya faɗi garin da suka yi damina biyu, inda wani mai sarauta ya riƙe su don ya ga aikin rigar tsohon ya ƙi yarda su wuce sai an yi masa irinta. Ya faɗi yadda tsohon yake tambayar duk ayarin da ya fito daga yamma ko akwai Bazazzagi, ko an ji 'yarsa ta sauka lafiya, mace ta haifa ko namiji. Bai taɓa samun amsa ba. Sannan ya zo kan ciwon, zazzaɓi ne na kwanaki kaɗan, a wani ƙauye na masu noman auduga kusa da kogi.

Ya tsaya yana cizon zare. Sai muka ji murya daga cikin ɗaki.

"Wa ya yi masa wanka?"

Ya ce wani malami ne Bakatsine, da wani Bafillace maƙwabcinsu. Shi ya riƙa zuba musu ruwa.

"An samu likkafani?"

"An samu. Farin yadin da ya saya don harami, da shi aka rufe shi."

Aka ɗan jima. Asabari ya motsa, Iya ta fito ba ko ɗankwali sosai a kanta. Ta zauna a bakin ƙofa, ta fara yi masa faɗa. Ban taɓa jin faɗa irin wannan ba. Ta lissafa masa waɗanda suka mutu suna tambayarsa. Ta ce ta aurar da 'ya'ya ba kawu a wurin ɗaurin aure. Ta ce da ta san kusa ne haka da ta sayar da tasoshinta ta je ta jawo shi da kunne. Shi kuwa kansa a ƙasa, tsoho da jikoki, yana cewa, "Haka ne, Yaya. Na yi laifi, Yaya." Da ta gaji ta fizge rigar daga hannunsa ta duba ɗinkin kusa da idonta, ta juya bayansa. Ta ce, "Hannun Baba ne." Ta ɗaga murya ta ce a kawo fura, mutum yana ta magana tun safe ba wanda ya ba shi ko ruwa.

Sauran makonnin da ya yi da mu, ban san lokacin da gidanmu ya fi su daɗi ba. Ya zo da wata 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya ta dafa gahawa. Kowace safiya sai ya soya 'ya'yan gahawar a kan gawayi, ya daka da citta, ƙamshi ya cika lungu har maƙwabta su leƙo. Iya ta kurɓa ta ce wannan ai maganin shawara ne, amma kullum sai ta miƙa ɗan kofinta. Tana gyara masa Hausa, in ya sako Larabci ta ce, "Yi mana magana irin ta mutane." Suna musu a kan abubuwan da ba mai iya raba su: ko akuyar uwarsu ja ce ko baƙa, ko rijiyar gidan tana gabas da rumbu ko yamma. 'Ya'yana suka koyi naɗa zanen gado a ka suna kwaikwayon tafiyarsa.

Muka samo masa wani abokin makarantar allo a Ƙofar Gayan, tsoho da ido ya tafi. Da aka ce masa ga wane, sai ya ce, "Wanda ya tafi a kan jaki yana yi mana gwalo?" Suka rungume juna suna dariya har tari ya sarƙe su. Daga ranar kullum bayan la'asar can za ka same shi.

Da tafiyarsa ta matso ya ce wa Iya ta zo ta ga 'ya'yansa, ta ga kabarin mahaifinsu. Ta ce ita da ko Kaduna ba ta cika zuwa ba. Ya ce ai ta ji da kunnenta, tafiyar hantsi ce. Ta ce ya daina tuna mata. Amma bayan ya tafi da 'yan watanni, wata rana ina cin tuwo a ɗakinta, ta ce, "Maigida, wannan takardar da ake yi wa mutum hoto a ciki, tsofaffi ma ana yi musu?"

Da hutun makaranta ya zo muka tafi, ni da ita. Na nema mata kujerar taga. Lokacin da jirgi ya ɗaga ta riƙe hannuna har farcenta ya shiga, tana salati. Da ya daidaita ta saki, ta manna goshi a gilashi. Sararin ranar garau yake. Kore ya ƙare, ƙasa ta koma ja, ta koma fara, ba gari ba bishiya, sai wasu layuka kamar an ja su da tsinke. Aka kawo abinci ta ce ba ta ci. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Duk wannan da ƙafa?" Na ce da ƙafa, Iya. Ta ce, "Da yaro a wuya." Goshinta na kan gilashi har muka sauka.

Mun yi kusan wata a can. 'Ya'yansa da jikokinsa suka ɗauke ta kamar sarauniya, suna sumbatar hannunta tana janyewa. Aka kai mu ƙauyen a mota. Maƙabarta ce shimfiɗaɗɗiya ba alama, amma dattijon ya san wurin daga wata bishiyar ƙaya da ke gefe. Iya ta tsaya daga nesa inda mata suke tsayawa, ta yi addu'arta, sannan ta ce da ƙarfi kamar mai magana da wanda yake cikin ɗaki, "Baba, namiji na haifa."

Da muka dawo Zariya mata suka yi ta zuwa sannu da zuwa har mako ya zagayo. Ta raba musu humra da turaren wuta, ta naɗa lafayar da aka ba ta a karkace, ta ƙi yarda a gyara mata. Ta ce mutanen can kirki gare su, sai dai ba su iya tuwo ba, wani abu suke yi falan-falan kamar takarda su ce abinci ne. Ta ce jirgi ba komai ba ne, kujera ce kawai da ƙara, amma ya toshe mata kunne ɗaya, kuma da wannan kunnen ta riƙa fakewa duk lokacin da aka faɗi abin da ba ta son ji.

Dattijon ya sake zuwa sau ɗaya, da babbar 'yarsa. Iya ta riga shi rasuwa da 'yan shekaru, a ɗakinta, da damina. Ɗakin yanzu ƙanena ne a ciki da iyalinsa, an yi masa rufin kwano da siminti. Jikokin dattijon muna gaisawa da su ta waya, Hausarsu ta ƙara nisa da tamu, wani lokaci sai mun haɗa da Larabcin makaranta kafin mu fahimci juna. Kwanan baya ɗaya daga cikinsu, yarinya mai karatun likita, ta tambaye ni yadda ake yin fate. Na ba matata wayar, na bar su suna ta fama a kan abin da ake ce wa tsaki da Larabci.